Neman shawara kan duba aikin ɗalibai a darasin algoridim

Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, kuma an ɗora mini koyar da 'yan shekarar farko darasin algoridim, wato matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala, da harshen Python. Na ba su aikin rubuta merge sort, wato hanyar jera bayanai ta hanyar rarraba su sannan a sake haɗe su bisa tsari, da hannunsu, sannan na rubuta gwaje-gwaje da pytest, kayan aikin gwada shirye-shiryen Python, domin su duba sakamako kai tsaye, saboda darussana da binciken da nake yi ba sa barin lokacin karanta aikin kowa layi-layi.

Matsalar ita ce wasu sun kira sorted kawai, wato shiryayyar hanyar jera bayanai da ke cikin Python, wadda algoridim mai suna Timsort ke aiki a ƙarƙashinta, sai gwajin ya ba su cikakken maki alhali ba su rubuta komai ba. Auna lokaci bai taimaka ba, domin tasu ta fi ta masu gaskiya sauri. Na hana kalmar sorted, sai suka koma heapq, wani kayan aikin Python da shi ma ake iya jera bayanai da shi.

Shin bincika tsarin shirin da ast, kayan aikin Python mai fayyace yadda aka gina shiri, zai wadatar, ko kuwa ƙirga yawan kwatancen da shirin ya yi tsakanin bayanan da yake jerawa ya fi inganci? Abin da ya fi damuna shi ne kada in zalunci ɗalibin da ya bi wata halastacciyar hanya dabam.