Ciwon damuwa ga ciwon baya, akwai magani ɗaya da yake kama duka biyun?

Ummu Hanan:
Slm 'yan uwa dan Allah ina neman shawara. Wata takwas kenan ina shan sertraline 50mg saboda ciwon damuwa, alhamdulillah kukan dare da ƙin son ganin mutane duk sun ragu, amma ciwon bayan da nake fama da shi shekara biyu ko gezau bai yi ba, yana sauka har ƙafar hagu kamar ana watsa min garwashi, da safe sai na dafa bango nake miƙewa, abu ya faɗi ƙasa ma sai dai in kira yaro ya ɗauko. Kusan kullum ina shan diclofenac, ranar da abin ya yi tsanani maƙociyata takan ba ni tramol guda ɗaya. Kuma na lura duk ranar da ciwon ya tashi damuwar ma dawowa take. Na ji ana cewa akwai maganin da yake aikin biyun, da gaske ne?

Abu Nawwar:
Wslm 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma kafin in amsa tambayarki tramol ɗin nan ne ya tayar min da hankali. Tramol, wato tramadol, shi ma yana ɗaga sinadarin serotonin kamar sertraline, in suka haɗu abin kan yi yawa, mutum ya fara karkarwa da gumi da zazzaɓi da ruɗewa, wani har jijjiga kamar mai farfaɗiya. Ki daina karɓa, in kuma kin riga kin saba da shi ki faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye. Diclofenac kullum a kan sertraline shi ma yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki.

Maganar da kika ji kuwa gaskiya ce. Sertraline da fluoxetine serotonin suka fi taɓawa, shi ya sa suke gyara zuciya su bar ciwo inda yake. Akwai wasu da suke ɗaga serotonin da noradrenaline tare, sinadaran nan biyu ne jiki yake amfani da su a laka wajen rage saƙon zafi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Wanda aka fi sani duloxetine ne, wato Cymbalta. A Amurka tun 2004 aka amince da shi don damuwa da ciwon jijiya na masu suga, a 2010 aka ƙara da ciwon baya mai daɗewa. Galibi ana farawa da 30mg a koma 60mg. Venlafaxine ɗan gidansu ne amma yakan ɗaga hawan jini. Mai matsalar hanta kuma ba a son ba shi duloxetine.

Anti Zee:
Ni duloxetine ɗin nake sha ƙanwata, shekara ɗaya da rabi yanzu. Satin farko wlh na kusa jefar da shi, tashin zuciya, baki ya bushe ƙayau, ga gumi da dare har sai na canja riga, amma da na daure wajen sati na biyar na lura ina hawa bene ban tsaya a tsakiya ba. Ciwon bai tafi duka ba fa, kar a yaudare ki, raguwa ya yi zuwa inda zan iya rayuwa da shi. Gargaɗina ɗaya, kar ki bari ya ƙare miki. Na taɓa yin kwana uku babu, kaina kamar ana ja min shokin ɗin lantarki duk na juya ido, ga jiri ga saurin fushi ba dalili.

Ɗan Gata:
Ni dai amitriptyline ne ya yi min, 10mg da dare, tsohon magani ne amma bacci na samu ciwon ƙafa ya lafa. Me zai sa a wahala da sababbin nan.

Abu Nawwar:
Malam Ɗan Gata ai 10 zuwa 25mg na ciwon jijiya ne kawai, bai kai ya yi maganin damuwa ba, wannan sai an kai 75 zuwa 150mg, a nan ne kuma kasala da taurin bahaya da ƙiba suka fi fitowa, ga shi yana taɓa bugun zuciya kuma in aka sha ya wuce kima yana kisa. Ita kuma da ke kan sertraline, ɗora shi a kai yana iya ƙara yawansa a jini, sai likita ya auna. Hajiya Ummu Hanan kar ki ajiye sertraline da kanki tunda ya karɓe ki, sauyawa a hankali ake yi, kuma in a lokacin sauyin kika ji tunanin cutar da kanki ya zo, ranar za ki koma asibiti ba jiran ranar da aka ba ki ba.

Ummu Hanan:
Innalillahi, jiya ma na sha tramol ɗin wlh ban sani ba. Gsky likitan damuwar ban taɓa gaya masa maganar bayan ba, na ɗauka ba ɓangarensa ba ne. Ranar Talata nake da ganinsa, zan kwashi duk kwalayen in tafi da su har na maƙociyar. Anti Zee tashin zuciyar kwana nawa ya yi miki kafin ya sake ki?