Insha'in bayani kullum sai ya koma mini labari

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ɗalibar ajin ƙarshe ce ni a Gombe, WAEC ta matso, insha'in bayani kuma ya tsaya mini a wuya. An ba mu jigo kan musabbabin zaizayar ƙasa. Gabatarwa ta yi kyau, amma daga sakin layi na biyu sai na koma ba da labarin kwarin da ya cinye bayan gidanmu da damina. Malama ta ce bayani aka nema, ba labari ba. To ina zan saka abin da na gani da idona? In na cire shi, cike kalma 450 yana gagarata. Don Allah ku nuna mini hanya.