Fistol a Tema, kuɗi a Aboabo

Mai Albasa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san za a yi mini ca. Akwai wani mutum a Tema da ke da ƙaramar bindiga, fistol, an taɓa amfani da ita amma ya ce lafiyarta ƙalau. Ya turo hotuna shida da bidiyo. Sidi 9,000 yake so, rabi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, rabi in kaya ya iso Kumasi. Ni a wurina babu laifi mutum ya sayi abin da bai taɓa da hannunsa ba. Shekara 11 ina sayen albasa daga Galmi ta waya, mota guda, ban ga ko ƙwaya ɗaya ba sai an sauke a Kwadaso. To me ya raba? Kun san halin da ake ciki da dare tsakanin Kintampo da Buipe. Sau biyu 'yan fashi na tare mu.

Bakaniken Magazin: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya tsare gaba. Amma wannan cinikin biri a sama ne. Albasa in ta ruɓe, buhu nawa ne, ka zubar ka yi haƙuri. Ƙarfe ba haka yake ba. Mu a Suame kullum ana kawo mana inji an wanke shi da fetur yana walƙiya, sai ka buɗe ka ga ciki ya gama mutuwa. Hoto ba ya nuna cikin bututu. Bindigar da aka ajiye ƙarƙashin katifa a garin bakin teku irin Tema, iskar gishiri na cin ta daga ciki, tsatsa ta yi mata ramuka. Tsagewa siririya kamar gashi a jikin ƙarfe, sai da fitila da ido kusa ake ganinta. In kuma abin da ke riƙe kunama ya cinye, tana iya tashi da kanta daga faɗuwa ƙasa kawai, ko tana cikin aljihunka.

Kawu na Bronx: Ku bi Alhaji a hankali. Nan Amurka mutane na sayen tsohuwar bindiga daga wata jiha ba su gan ta ba, kullum ake yi. Asalin abin ba hauka ba ne.

Mai Albasa: Yauwa Kawu! Faɗa musu.

Kawu na Bronx: Tsaya ɗana, ban gama ba. Ba gidanka ake kawo ta ba. Dole a aika ta shagon dillali mai lasisin gwamnatin tarayya, ka je da kanka, ka cika takarda, a bincika tarihinka, sannan a miƙa maka. Kana tsaye a gaban kanta za ka juya ta ka duba, wasu masu sayarwa ma suna ba da 'yan kwanaki, in ba ta yi maka ba ka mayar. Kuma wannan tsari da dalilinsa. A 1963 wanda ya harbe shugaba Kennedy ta gidan waya ya yi odar bindigarsa, da sunan ƙarya. A 1968 suka yi doka suka toshe wannan ƙofa. Saboda haka nesa ba ita ce matsala ba. Ni tambayata, tsakaninka da mutumin Tema wa ke tsaye?

Mai Albasa: Wani yaro ne ya haɗa mu, yana lodi a tasha.

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi. Yaron tasha. Alhaji, da girmanka.

Tsohon Soja: Ku bar ni in shigo, don kuna ta maganar ko bindigar tana da kyau. Ni a ce ma sabuwa ce fil a leda. A Ghana lasisi ba na mutum kaɗai ba ne, na mutum ne da wata bindiga takamaimai, da lambarta a rubuce a rajistar makamai ta 'yan sandan CID. Ba a miƙa ta daga hannu zuwa hannu kamar waya, sai hukuma ta amince an sauya suna. Kuma fistol ba kamar bindigar farauta ba ce, ita sai da izini daga ma'aikatar cikin gida, bayan an ɗauki zanen yatsunka an bincike ka. Kowace shekara kuma a sabunta. Wanda aka kama da bindiga ba izini, sashe na 192 na dokar laifuka ta 1960 ya sa shi a sahun manyan laifuka na matakin farko. Ba zancen tarar sidi ɗari biyu ba ne, zancen shekaru ne a kurkuku. To Alhaji, ranar da ka je karɓar wannan ƙunshi, daga lokacin da ya shiga hannunka ka zama mai laifi, tun ba ka kwance shi ba.

Mai Albasa: Ya ce yana da takardu, Oga. Ya turo hoton su.

Tsohon Soja: Da sunan wa? Lambar da ke takarda ita ce a jikin ƙarfen? Ka ga lambar da idonka, ko an goge ta da gurza? Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, fiye da tsatsar da Bakanike ke faɗi. Kowace bindiga tana barin tabonta a jikin harsashi da kwansonsa, masu bincike suna iya haɗa wannan da wancan. In an taɓa fashi da ita a Kasoa ko an kashe rai da ita, ranar da aka same ta a ɗakinka na Aboabo kai za ka amsa tambaya. Za ka ce wa alƙali wani mutum ne a Tema, lambar wayarsa kuma a kashe?

Malamin Makaranta: Alhaji ya kawo misalin albasa, bari in ce wani abu a kai, don misalin ba banza ba ne. A mazhabarmu ta Malikiyya an halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki in an siffanta shi sosai. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce wannan wuri. Amma a nan ɗin aka ce kada a shardanta biyan kuɗi tun kafin a ga kaya, sai in wurin kusa ne ko kuwa abin ba ya canzawa, kamar gida ko fili. Hanafawa sun ba mai saye zaɓi in ya gani, ya karɓa ko ya fasa. Imamu Shafi'i a sabon ra'ayinsa bai yarda da shi ba ma. Duk suna gudun garari ne, wato cinikin abin da ba a da tabbas a kansa, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Mutumin Galmi ka san gidansa, ka san 'ya'yansa, in ya cuce ka akwai sarkin kasuwa da zai zaunar da ku. Wannan kuwa ko fuskarsa ba ka sani ba, ga shi ya sa sharaɗin rabin kuɗi a gaba.

Mai Albasa: Allah gafarta Malam, na ji. Amma duk kuna magana ne daga kan kujera. Ranar da suka kwantar da mu a kan kwalta babu sashe na 192 a wurin. Direbana har yau kunnensa ɗaya ba ya ji. Neman izinin da kuke faɗi wata nawa zai ci? Su 'yan fashin a ina suka cika takarda?

Bakaniken Magazin: Wannan gaskiya ce, ba mai musu. Amma ka ƙara da wannan: akwai bindigogin ƙara kawai, waɗanda ba a ƙera su don harsashi na gaske ba, wasu na yi musu kwaskwarima su sayar a matsayin fistol. A hoto ba ka rabe su. Ƙarfensu ba ya ɗaukar matsin harsashi, sai ta fashe a tafin mai harbi. Ka biya 9,000 ka sayi abin da zai cire maka yatsu.

Hajiya Mai Atamfa: Ni duk ba wannan ba. Gidan Alhaji gidan haya ne, tsakar gida ɗaya, yara sun fi goma. Ina za a ajiye ta? Kuma Alhaji, tsakaninka da Allah ka taɓa harba bindiga? Mutum biyar da manyan bindigogi sun tare hanya cikin duhu, kai ka zaro 'yar ƙarama hannu na rawa, ai ka jawo wa duk 'yan motar ne. Ni da nake zuwa Lome sarin kaya na daina tafiya da kuɗi a jiki tun tuni, kuma ba na bin dare ko an ce rabin kuɗin mota.

Kawu na Bronx: Hajiya, nan kam ba na tare da ke gaba ɗaya. Mutum na da haƙƙin ya nemi kare kansa, kuma dokar Ghana ba ta rufe ƙofar ba. Ga shi ministan cikin gidan ma ɗan Asawase ne, Muntaka, ba baƙon matsalar 'yan kasuwar Zango ba. Ya bi layi kawai. Ni har yanzu ina kan bakata, saye daga nesa ba aibu ba ne in akwai hukuma a tsakiya.

Tsohon Soja: To ai Kawu in hukuma ta shiga tsakiya ba saye a makance ba ne kuma. Alhaji, ga gwaji mai sauƙi. Ka ce masa ya kawo ta hedikwatar 'yan sandan yanki nan Adum, shi da lasisinsa da Ghana Card, a duba lamba a gabanku. Mai halal ba zai ƙi ba.

Mai Albasa: Na tura masa saƙon yanzu.

Mai Albasa: Ya ce ba shi da lokacin zuwa Kumasi, kuma akwai wani a Ashaiman da ke jira da kuɗi a hannu. Wai in cika 4,500 kafin magariba ko ya ba shi.

Hajiya Mai Atamfa: In cika? Alhaji, me ake cikawa?

Mai Albasa: Na ba da kafin alƙalami 1,000 ranar Talata.

Bakaniken Magazin: Sunan da MoMo ya nuna maka ranar, shi ne sunan da ke kan takardun?

Mai Albasa: Sunan mace ne. Ya ce matarsa ce.

Tsohon Soja: Kada ka goge komai, hotunan da saƙonnin duka. Gobe bayan azahar ka same ni a bakin masallaci mu tafi Adum tare, ka zo da yaron tashan in zai yarda.