Shawarwarin zaman Agege kan waya da sa idon gwamnati

A zaman 'yan kasuwa da ɗalibai a Agege, maganar waya aka fi daɗewa a kai. Tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) a 2020, kada ka yi wa kowa rajista da sunanka, ko ɗan'uwanka ne. Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin kiran waya, don haka in jami'i ya ce buɗe wayarka, nemi takardar kotu, amma cikin ladabi. An tuno yadda gwamnati ta rufe Twitter a 2021 ba da shawarar majalisa ba. Shawarar da ta fi kwanta mini: kowa ya haddace lambar lauya ɗaya, a kuma daina tura saƙon da ba a tantance ba.