Wai dokar kota ce ta fara kai mata majalisa?

Ɗiyar Ader: Assalamu alaikum. Jiya da dare mun sha gardama da kawuna a nan Tawa har shayi ya huce. Ya rantse wai mace ba ta taɓa zama depite a Nijar ba sai da aka kawo dokar kota, wadda ta ware wa mata kason kujeru, zamanin Tandja. Ni kuwa na san inna ta taɓa ba mu labarin waɗansu mata da suka shiga tun ba a haife ni ba, amma ba ni da hujja, sai na ja bakina. Manya, wa ke da gaskiya?

Tsohon mushe: Amin alaikumus salam, ɗiyata. Kawunki ya makara. A zaɓen Disamba 1989, zamanin Ali Saibou, mata 5 suka shiga cikin depite 93. Ina riƙe da sunan Aïssata Mounkaïla da Marie Lebihan. Sai dai kada ki zaci takara aka yi irin ta yanzu. Jam'iyya guda ce, MNSD, jerin sunaye guda, naka dai ka amince ko ka ƙi. Kafin nan kuwa, tun da Kountché ya kifar da Diori a 1974, majalisar ma babu ita balle a shige ta.

Hajiya ta Yantala: Mushe, ka tsaya a 1989 ka bar mu a rana! Waɗancan biyar daga sama aka zaɓo su. Ranar da muka nema da ƙafarmu ita ce 13 ga Mayu 1991. An kafa kwamitin shirya taron ƙasa, mace ɗaya tak a ciki, sai ka ce mu baƙi ne a ƙasar. Muka fito Yamai cikin zafin Mayu, malaman lakkwal, ma'aikatan likita, ƴan kasuwa, muka nufi ofishin firaminista. Ni da goyo na je, takalmina ya tsinke a hanya, maigidana ya yi kwana biyu bai ci tuwona ba. Amma an ƙara mata 5 a kwamitin. Yau ƴan mata na ɗinka anko kowane 13 ga Mayu, da yawa ba su san mafarin ranar ba.

Ɗan Konni: Hajiya, Allah ya ja kwana, amma a ba kawun nata haƙƙinsa. Bayan duk wannan, zaɓen 1999 mace ɗaya ya kai cikin 83, ita dai Aïssata Mounkaïla ɗin. Sai da dokar 2000 ta tilasta kashi 10 cikin 100 sannan aka samu 14 cikin 113 a 2004. A 2019 aka kai kason 25 cikin 100.

Hajiya ta Yantala: Ɗana, ita dokar daga sama ta faɗo? Su wa suka yi ta safa da marwa a kanta?

Ɗiyar Ader: Na gode ƙwarai, iyayena. Na karanta wa kawu duka. Ya ce maganar ɗan Konni kaɗai ya ji, sauran wai wayar ba ta fita da kyau.