Masu Hilux da aka ɗaga: wa ya sa mata manyan tayoyi, kuma ya ya ji ta?

Mai tambaya, Daura

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hilux Vigo mai injin fetur 2.7, an ɗaga mani ita inci 2, da sabon sifirin da shokozoba gaba da baya. Tayoyin da ke ƙarƙashinta 265/70R16 ne, kuma sun kusa ƙarewa. Aikina kai taki da ɗauko amfanin gona tsakanin Daura, Sandamu da ƙauyukan Ɓaure, rabin hanyar burji, rabi yashi. Wasu na ce mani tunda an ɗaga ta in sa 285/75R16, wadda ake kira 33 saboda tsayinta ya kusa inci 33. Kafin in zuba kuɗina ina son in ji daga bakin wanda ya sa da kansa.

Direba, Mai'aduwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ita ce a tawa. Alfanunta ɗaya ne kuma babba: inda manyan motoci suka haƙe hanya suka bar tudu a tsakiya, da can cikin motar na gugar ƙasa, yanzu wucewa nake. Amma ka shirya. Ranar da aka ɗaura su, ina karya sitiyari gaba ɗaya zan yi ribas sai na ji taya na cin madigadi. Sai da aka yanke roba, aka daddaki ƙarfen da ke bayan tayar gaba. Mai kuwa ta ƙara sha, kuma in ta yi lodi ba ta son giya ta biyar.

Makaniki, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Ranka ya daɗe, bari in faɗi abin da nake gani a gareji, don motocin nan suna zo mana da yawa.

Ɗaga mota daban, wurin zaman taya daban. Ɗagawar ta tura bodi sama ne kawai. In motar ta faɗa rami da lodi, sifirin ya danne, tayar komawa take inda take zuwa tun asali, kuma ramin madigadin bai ƙara faɗi ba. Shi ya sa mota kan yi lafiya lau a tsaye a gaban gareji, a shiga daji ta fara gurza. Aksul ɗin baya ma, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ɗagawa ba ta taɓa shi, yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke nisanta shi da ƙasa.

To nawa za ka samu? Tayarka ta yanzu tsayinta kamar milimita 777 ne, 285/75R16 kuma kamar 834. Rabin bambancin kawai ke zuwa ƙarƙashin aksul, wato milimita 28, inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Saboda wannan incin za ka biya abubuwa da dama. Tayar ta fi ta da girma da kashi 7 cikin 100, don haka in maleji ya nuna 100, a gaskiya kana wajen 107. Ƙarfin ja ya ragu da kusan wannan gwargwadon, direba sai ya riƙa danne kuloci wajen tashi, kulocin ya ƙone kafin lokacinsa. Birki kuma aikinsa ya ƙaru, don tayar ta fi nauyi.

Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne ƙarfen da ake sakawa tsakanin rim da hob don a turo taya waje. Akwai marasa kyau a kasuwa. Na kwance motar da notunanta suka saki, kuma mutane take ɗauka ranar kasuwa. Ko mai kyau ne, yana ƙara wa boris da bol join wahala. Ni ba na ɗaura shi.

Manomi, Mashi

Ni matsakaici na ɗauka, 265/75R16, mai zanen da ke cin kwalta da daji duka. A rim ɗin da motar ta zo da shi ta zauna, ba a yanke komai ba, ban kuma ji bambanci a ja ba. Gonata na cikin jigawa, kuma abin da ke fitar da ni daga yashi rage iskar taya ne, ba girman taya ba. Ina isa bakin rairayi sai in rage ta zuwa 20, in sa ogziliri, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, in tafi a hankali ba tare da karya sitiyari da ƙarfi ba. Ina da ɗan famfon da ke aiki da batirin mota, da na fito sai in mayar. Don Allah kada kowa ya hau kwalta da iska 20 a zafin Afrilu, tayar zafi take ɗauka har ta fashe.

Direba, Mai'aduwa

Gaskiyarka kan yashi, Malam. Tayoyi masu manyan haƙora ma haƙa suke yi su binne mota. Sai dai zo ka ga fadama a watan Agusta. A laka ƙaramin zane cikewa yake ya zama sumul, a nan masu haƙoran suke biyan kuɗinsu. Ban yi nadamar tawa ba.

Mai faci, Daura

Alhaji, kowacce za ka saya, duba shekararta. A gefen taya bayan DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Manyan tayoyin nan sababbinsu tsada gare su, sai mutane su koma 'yan Beljiyam, zane ya yi kyau amma roba ta bushe, gefe duk tsaga. Nemi mai rubutun LT, wato ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, ta fi jure ƙayar aduwa da kututturen kara. Kuma biyar za ka saya, har da safaya. In ka haɗa ƙarama da manya ka sa ogziliri, giya ce za ta ji jiki. A gwada safayar a mazauninta na ƙarƙashin bodi tun a shago, 285 da ƙyar take shiga.

Mai tambaya, Daura

Allah ya saka wa kowa da alheri. Hanyata yashi ta fi yawa, kuma lodi nake ɗauka, don haka zuciyata ta fi kwantawa da 265/75R16. Oga makaniki, akwai abin da za a yi bayan an ɗaura?

Makaniki, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amin, Alhaji. A yi balansin, a yi alaimen, musamman in ba a yi ba tun da aka ɗaga ta. A duba robobin shaf na gaba ko sun yage, don ɗagawa na karkatar da su, yashi kuma in ya shiga ya gama da join ɗin. Sannan ka yi mata lodin da ka saba, ka karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, gaba da ribas, wani ya tsaya a waje yana kallon tayar. In ka yi tafiyar kamar Daura zuwa Katsina, a sake ɗaure notunan.