Ƙanena ya iya tirela amma kamfani na maido shi, ina matsalar take?

Ɗan Ƙofar Guga:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na harkar mota. Ƙanena ya shekara biyar yana yaron mota tsakanin Katsina da Legas, har maigidan nashi kan sakar mashi sitiyari daga Funtuwa zuwa Zariya. Sau biyu yana neman aiki a kamfanin dakon kaya ana maido shi. Na farko tun a teburin takardu, na biyu kuwa sai da ya kwana uku a horon sababbin direbobi aka ce ya tattara kayanshi, ba wani bayani. Me suke dubawa ne? Don Allah a fayyace mana.

Tsohon Direba, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam ɗana. Ɗauko lasisin nashi ka duba harafin da ke jiki. Tirela mai kai da bodi ajin G take buƙata. Mai B ƙaramar mota aka ba shi izini, mai D kuma babbar mota ce wadda ba ta jan bodi. Da yawa nan ake sallamar su tun ba su ga mota ba. Sai shekaru: lasisin tuƙin haya sai mutum ya kai 26.

Abu na biyu, ta wace hanya ya samu katin? In ɗan kamasho ya ba kuɗi aka kawo mashi har gida, bai je an ɗauki hotonshi da zanen yatsunshi ba, bai yi gwajin tuƙi a wurin bi'ayo (VIO, jami'an duba motoci) ba, to akwai yiwuwar jabu ne. Kamfani lambar kawai zai sa a shafin Hukumar Kiyaye Haɗurra, in ba ta fito ba magana ta ƙare. Haka in a lasisi an rubuta Mamman, a katin ɗan ƙasa Muhammadu, ko ranar haihuwa ta saɓa, su a wurinsu mutum biyu ne.

Kuma ka sani, shekara biyar ɗin nan da yake tinƙaho da ita ba a rubuce take ko'ina ba. Daga ranar da aka ba shi lasisi suke lissafi. Ya karɓi takardar shaida daga maigidanshi da ta ƙungiyarsu ta direbobi. Waɗanda za su tsaya mashi su zama masu adireshi sananne, masu ɗaga waya, don ana kira.

Bakanike, Daura:
Baba ya gama da takardu, ni filin gwaji zan taɓa, don can ne yaran mota ke zubewa. Mai gwaji ya fara ba ka maki tun kafin ka taɓa makulli. Wanda ya ɗare kujera ya tada inji bai zagaya mota ba ya riga ya faɗi.

Abin da ake son gani: ya duba man inji da ruwan lagireto, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya har na ciki. Notin ƙafa goma ne a yawancin manyan motoci, in ka ga tsatsa ta yi zirin ja daga gindin noti, ya kwance. A gefen taya akwai lamba huɗu, misali 2321, wato mako na 23 a shekarar 2021 aka ƙera ta. Ana tambayar wannan, kuma kaɗan ne ke amsawa. Ya ja zoben ƙasan tankin iska ya zubar da ruwan da ya taru. In ya tada mota kada ya motsa sai allurar iska ta hau wajen lamba 8 kuma ƙarar gargaɗi ta ɗauke. Daga nan ya kashe inji, ya danne birki minti ɗaya yana kallon allura. In tana zamewa ƙasa, iska na tsiyaya, ya faɗa da bakinshi cewa motar ba ta fita.

Haɗa kai da bodi nan ma akwai tarko. A ja da baya a hankali har a ji kusar bodi ta kama, a sa giya ta ɗaya a ɗan fizga gaba alhali birkin bodi na ɗaure, a sauko da tocila a leƙa a tabbatar. Sannan tiyon iska, ja a mazaunin ja, rawaya a na rawaya, sai wayar fitilu, a ɗage ƙafafun bodi har ƙarshe. Wanda ya tsallake fizgar nan shi ne ke yar da bodi a bakin get.

Ribas kuwa, maigida kan ba yaro mota ne a miƙaƙƙen titi, wurin lodi da ajiyewa shi ke karɓa. Shi ya sa za ka ga yaro ya ƙware a gaba, amma a ce ya shigar da bodi tsakanin durom biyu sai ta naɗe mashi. Ya nemi fili ya yi ta maimaitawa da madubi kaɗai. Gara a sauko a duba baya da a buge durom.

Babban abin da ke ɓata mani rai shi ne sakin mota a firi, wato ba giya, kan gangara wai don a rage shan gas. Birkin inji ya tafi, nauyi duk ya koma kan birkin ƙafa, ya yi zafi ya daina kamawa, iska kuma na ƙarewa. Mai gwaji ya ga haka sau ɗaya, an gama.

Ma'aikaciyar Lafiya, Katsina:
Ni ina zargin kwana ukun nan sakamakon asibiti ne ya iso. Sau da yawa ana ɗibar fitsari da jini ranar farko, a bar mutum yana zaman aji kafin takarda ta dawo. Ana neman tiramol, kodin da wiwi. Mai shan wiwi kullum tana iya fitowa a fitsarinshi har wajen wata guda bayan ya daina, kuma ɗirkar ruwa ba ya ɓoyewa, sai dai a ce fitsarin ya tsinke a sake. Hawan jini daga 140 bisa 90 ake fara sa ido, kuma shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari da rashin barci na ɗaga shi ranar awo. Sai suga da ido, har da bambance ja da kore. Ya je asibitin gwamnati ya auna kanshi tukuna. In yana shan maganin likita ya tafi da katinshi.

Tsohon Direba, Ƙofar Ƙaura:
Hajiya ta yi gaskiya, amma a horo ana korar mutum kan hali ma. Makara, gyangyaɗi a aji, taɓa waya bisa sitiyari, ƙin ɗaura bel, musu da malami cewa ba haka muke yi a hanya ba. In an tambaye ka gudun tirela, kilomita 60 ne iyaka a babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi. Wanda ya ɓoye tsohon haɗari kuma aka gano, ba a sake sauraronshi.

Ɗan Ƙofar Guga:
Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, D ne a jiki. To ya aka yi na biyun suka bar shi ya shiga horo?

Tsohon Direba, Ƙofar Ƙaura:
Wasu sai an fara horo suke tantance takardu. Ya je ofishin lasisi da kanshi ya nemi a ɗaga shi zuwa G, ya yi gwajin da tirela, kada ya aiki kowa.